Hayaƙina, Kwalabenka da Gidan Sauron Uwata

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kun sauka lafiya kai da iyalinka, kuma baƙunta ta zo muku da sauƙi. Allah Ya sa gidan da ka gina ya zama gidan zama, Ya tsare ku daga sharrin mai tafiya da ƙafa da mai jan ciki da mai tashi sama. Innarku tana gaishe ku. Ni ma ina gaishe ku, ko da yake ba ka tsaya ka karɓi sallamata yadda ya kamata ba.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni aka kai ni gona. Malam Nasiru na Islamiyya ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Na gaya masa kada ya gyara mini magana, yadda ta fito haka zai ajiye ta. Takarda na zaɓa domin ita ba a katse ta. A waya in na ɗauko zance sai ka ce sabis ya ɗauke. Ido da ido kuwa sai ka dinga "To Baba, to Baba," kana kallon ƙofa.

Ba zan ba ka labarin gida ba, wanda labarin gida ya dama ai ba ya barinsa. Maganar fitarka daga gandu na haɗiye ta, ko da ba ta wuce maƙogwaro ba. A gidan nan akwai ɗakin da kaji kaɗai ke kwana a ciki, amma ka ce kai sai ka je ka yi gini a hanyar Bunkure, kusa da shinkafarka. Na je na ga wurin da idona. Kanal na ban ruwa a gaba, shinkafa a baya, magudana a gefe, kwaɗi na kuka tun la'asar. Ko makiyayi ba zai ɗaure saniyarsa a nan ba saboda cizo. To, gidanka ne, kai ka sani. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne gidan sauron da ka bari a kan igiya.

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda kai mantuwa ba ta yi maka wuya. An gama loda kaya a mota, matarka Zainabu ta shiga gaba da yarinya a cinya, sai ga Innarku da gudu riƙe da shi tana cewa kun yi mantuwa. Ka ce mata, "Inna, bar shi kawai, zafi yake sa wa Ummi. Mu yanzu mai muke amfani da shi, oganik ne, ba kemikal."

Na ce, "Wane mai?"

Ka buɗe wani kwali ka nuna mini 'yan kwalabe kamar na kwalli. Wannan na kanumfari, wannan na na'a-na'a, wannan na bishiyar turare, wancan na ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake jefawa a shayi. Ka ce ɗigo kaɗan a ruwa a fesa, ko a shafa a jiki, sauro ko ƙofar ɗakin ba zai zo ba. A waya ka gani.

Na ce, "Yarinyar da aka yi wa ƙarin jini bara za ka kai bakin kanal da kwalbar kwalli?"

Sai ka ce, "Baba, kai ka taɓa kwana a gidan sauro? Ba kai ke cewa kabari ne ba? Ba hayaƙi ne ya kawo ka shekarun nan ba? Ni ma abin da kake yi nake yi, nawa dai a kwalba yake."

A gaban direba, Salisu. A gaban maƙwabta. Ɗan'azumi, wanda muka yi ƙuruciya tare, yana zaune a dakali, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kafin in samu amsar da zan ba ka, mota ta tashi. To yanzu na samu, kuma za ka ji shi duka.

Da farko, ka daina yi mini kallon wanda bai san ganye ba. Abin da ka tsinta a waya jiya, a hannun mahaifiyata na gan shi, ita wadda ka sa wa 'yarka sunanta, shi ya sa ku kuke ce mata Ummi ni nake ce mata Uwata. Ɗoɗɗoya take shukawa a bakin randa, da yamma ta karyo reshe ta kaɗa ɗaki da shi. Ɓawon lemu ba ya zuwa juji a gidanmu, a kan danga yake bushewa. Ganyen darbejiya a kasko, toka a gindin bango saboda cinnaka. Kuma a lokacin abin yana isa, domin sauro na da lokacinsa. Ya zo da damina, ya tafi da kaka, da bazara mutum ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya yi barci kamar an biya shi. Sai masu aikin ruwan kanal suka zo da katafila. Ina saurayi a lokacin. Suka baje gonaki, suka tumɓuke tsamiyar kakana, suka auna suka mayar wa mahaifina da gonar da har ya koma ga Allah yana cewa ba ta kai tasa ba. Ban ce ruwan bai yi rana ba, da shi na yi aure, da shi na yi rufin kwano. Amma tun daga ranar sauro ya daina tafiya. Ya samu gida, ya yi aure, ya haifi jikoki. Wanda ke cizonka yau ba baƙon damina ba ne, ɗan gari ne kamar ni.

Ka ce abin da nake yi kake yi. To bari ka ji abin da na yi, ko ka rage wa kanka wahala.

Shekarar da aka kawo Innarku gidan nan, da bazara, sauro ya hana mu sakat. Na kai kuka wurin Ɗan'azumi, shi dai wannan mai dariyar. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, in watsa busasshen barkono a garwashi in rufe ɗaki. Ni kuma ina son in burge amarya. Bayan magariba na cika kasko da wuta, na zuba barkono cikin tafi, na toshe taga da tsumma, na ja ƙofa muna ciki. Salisu, ban san mutum na iya tari har ya zauna daɓas a ƙasa ba sai ranar. Ta fita ba ɗankwali, ni na fita da rarrafe, akuyar da ke bayan ɗaki ta tsinke igiya. Maƙwabta suka zo da bokitai sun zaci gobara ce. Kakarka ta bi ni da muciya har zaure, ina magidanci. Sauron kuwa, da hayaƙi ya lafa ya dawo har da gayya. Har yau in magana ta haɗa mu da Innarku sai ta ce, "Mutumin da ya so ya kashe ni da yaji tun da lallena." Laifin Ɗan'azumi ne, kuma bai taɓa ba ni haƙuri ba.

Saboda haka ka ji. Hayaƙi ana yin sa ne kafin magariba, ba kowa a ɗaki. Ɗanyen ganyen darbejiya a kan garwashi, ɗan ɓawon lemu in akwai, a bari ya zaga, a buɗe ya fita, sannan mutane su shiga. Feshin kwalbarka ma haka. Kada ka rufe yarinya a ɗaki da abin da kai babba in ka shaƙa yake hau maka kai. Abin da ya ishi sauro ya gudu, ƙirjinta ma yana jin sa, ita kuma ba ta da bakin da za ta ce ya yi yawa.

Na biyu. Ka naɗe hannun rigarka na hagu ka duba wannan tabon da ke ƙasan gwiwar hannu, wanda kake gaya wa mutane wuta ce ta ƙona ka. Ba wuta ba ce. Kana rarrafe a lokacin, jikinka duk cizo, kana kuka kana susa. Na ce ni zan yi maganin abin. Na tsinci 'ya'yan darbejiya na daka na tatsi mai, na ga kamar bai yi ƙarfi ba na kirɓa tafarnuwa da kanumfari na haɗa. Na shafe ka da shi tsagwaronsa, inda cizon ya fi yawa har na ɗaure da ƙyalle don ya shiga sosai. Da safe wurin ya tashi ya ɗuri ruwa kamar an zuba maka tafasasshen mai. Innarku ta goya ka ta hau mota sai gidansu a Garun Malam. Sai da na je biko, kakanka ya bar ni a tsugune a zaure ya gama lazimi, sannan ya tambaye ni ko miya na so in yi da kai. Ni dai niyyata mai kyau ce, kuma har gobe ina cewa da ban ɗaure ba da lafiya lau.

To kai naka ya fi nawa ƙarfi, tunda injin ne ya tatse shi. Da ka buɗe ta kanumfarin nan idona sai da ya yi ruwa daga inda nake tsaye. Ka ce ai daga ganye yake, ba ya cutarwa. Tumfafiya ma tsiro ce, ɗiga nononta a ido ka ba ni labari. Zaƙami ma ganye ne. In dole sai ka shafa, ka ɗebi man kaɗanya da yawa ka sa ɗigo kaɗan ka cakuɗa, ka fara gwadawa a naka hannun, ka jira ka gani. Ita kuwa Uwata, ni dai na ce kada a shafa mata ko kaɗan sai ka tambayi masu asibiti. Fatarta ba irin taka ba ce, kuma duk abin da ya taɓa hannunta bakinta zai tafi. Kwalaben ka sa su inda ko ta taka kujera ba za ta kai ba. Ƙanana ne, suna da ƙamshi, yaro zai zaci abin sha ne.

Malam Nasiru ya ce in ɗan sassauta, wai wasiƙa ce ba shari'a ba. Na ce ya rubuta abin da aka ce masa.

Na uku shi ne na kuɗin cizo, ka isa tunawa da shi. Wata bazara suka cika mini ɗaki, na sayi katifa a hannun wani mai tashi ashe da jama'arta ta zo. Na dawo daga feshin tumatir da sauran magani a tanki, na ce abin da ya kashe tsutsa a gona ai ba zai bar ƙwaro a ɗaki ba. Na feshe gado da bango da katifa, na shiga na yi ƙailula. Na tashi ɗaki na juyawa, ina amai, miyau na zuba, aka ɗora ni a babur ana riƙe da ni ta baya kamar buhun taki. Kyanwar Innarku da ta kwanta a ƙarƙashin gadon ba ta tashi ba. Wanda ya sayar mini da maganin bai taɓa ce mini kada a kai shi ɗaki ba, da na je masa da maganar ya ce ai a rubuce yake a jikin galan. A rubuce! Ni ya gaya wa a rubuce.

Abin gona ya tsaya a gona. Kada ka ajiye shi a ɗaki, kada Zainabu ta ɗebi ruwa a galan ɗinsa ko an wanke shi sau nawa. Kuɗin cizo rana ce maganinsa, ita kuwa da bazara ba a sayenta. A fitar da katifa ta gasu ciki da bai, a kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin gado, a liƙe tsagar bango. Sannan ka lura da abin da kake saye. A kwalinka na ga wata babbar roba ta feshi wadda ba komai a jikinta, ka ce a kasuwa wani ya haɗa maka. Ni ban san abin da ya zuba ba, kai ma ba ka sani ba. Man ganye kora yake yi. In ka fesa ka ga ƙuda na faɗowa matacce nan take, to ba na'a-na'a ce kaɗai a ciki ba, an tsarma fiya-fiya an rufe warinta da ƙamshi. Ka zubar da ita nesa da kanal.

Akwai kuma ramin da ke bayan ɗakinka, inda aka ɗebi ƙasar gini. Na nuna maka ka ce za a cike. Ba a cike ba, na sani, domin na san ka. Ruwan wanke-wanke na gangarawa can, da ruwan farko ya sauka ya zama tafki, ka buɗe wa sauro ɗakin haihuwa a bayan naka. Ka cike shi kafin damina. Tsohuwar taya da fasasshen tulu da gwangwani, duk ka kife. Kada ka jibge ɓuntun shinkafa ko tarin albasa a jikin ɗakin kwana, da zafin nan kunama inuwa take nema. A kaɗe takalmi kafin a sa. Ni an harbe ni a babban yatsa ina shirin tafiya Juma'a, na yi ihun da har yau yaran unguwa ke kwaikwaya in sun zaci ba na ji.

Yanzu maganar da kake jira, tunda na san ita ce a bakinka. E, ni na kai gidajen sauro gona. Duk garin nan an sani, ba ɓoyayyen abu ba ne. Ma'aikatan lafiya suka zo suka raba, aka ba gidanmu namu. Ni kuwa a lokacin fara da tsuntsaye sun tasa renon tumatirina a gaba, duk abin da ya tsiro da safe kafin yamma an aske shi. Na duba abin nan, ga shi da faɗi, ga iska na shiga, ga rana na ratsawa, ƙwaro kuma ba ya wucewa. Na kafa 'yan sanduna na baza su a kan renon. Wallahi ban taɓa samun dashe mai kyau irin na shekarar ba. Kafin wata ya ƙare rabin gonakin layinmu sun yi fari fat, kowa ya kwaikwaya, ba wanda ya ce Malam Ilu sannu da dabara. Da bai ishe ni ba na ce a kawo na ɗakinku, kai da bakinka ka ce a ɗauka ba amfaninsa kuke yi ba. Kada ka manta da wannan, mu biyu ne a ciki.

Bayan nan ne Uwata ta kwanta. Jiki kamar garwashi, ta ƙi nono, sai ga ta tana sanƙarewa idanu sun juye. Ka tuna yadda Zainabu ta fito tsakar gida da ita tana kiran sunan Allah. A asibiti a Kura suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya shanye mata jini. Jininka aka ɗiba aka ƙara mata. Ina tsaye a bakin gadon wata ma'aikaciya, yarinya ce sa'ar ƙanwarka, ta tambayi Zainabu, "Tana kwana a gidan sauro?"

Zainabu ta sunkuyar da kai, tana jin kunyar ta ce surukinta ya kai shi gona. Sai na amsa na ce, "Ana yi mata hayaƙi kullum. Ni da kaina nake yi."

Ta dube ni ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Hayaƙin har asuba yake kaiwa?"

Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina yaran yanzu an sa musu farar riga sun raina mutane. Na fita waje na zauna a gindin bishiya. Ciwo daga Allah yake, ban ce ni na jawo shi ba, kuma kada in ji ka ce na ce. Amma tambayar nan ta bi ni gida, ta bi ni gona, har yau tana nan. Domin ba ya kaiwa. Ni na fi kowa sani. Garwashi na mutuwa, ƙauri na bajewa, mutum na barci, shi kuma ɗan garin yana laɓe a bayan tufafi yana jira.

To ita nake miƙa maka. Kwalbarka har asuba take kaiwa?

Kada ka wahalar da kanka, na gwada. Zainabu, Allah Ya yi mata albarka, ta bar wa Innarku guda ɗaya, ta ciyawar shayin. Na haɗa da man kaɗanya na shafa a ƙafa da hannu na fita dakali da magariba. Gaskiya ɗaya ce, ya yi aiki. Ɗan'azumi na ta marin ƙafarsa ni ina zaune lafiya, har ya ce wane asiri na samo, na ce na gado ne. Amma kafin mu fito daga sallar isha ƙamshin ya bi gumi, suka sauko mini kamar an yi musu shela. Abinka na hira ne, Salisu, kamar nawa. Na zaman shan shayi ne, na wanda ke farke yana da hannun kora. Ka shafa abinka in za ka ban ruwa da yamma, ban hana ka ba, ni ma ba zan bar kaskona ba har in mutu. Amma yarinya mai barci ba ta da hira, ba ta da hannu.

Saura hujjarka ta ƙarshe, wadda ka jefe ni da ita a gaban direba. Ka ce ban taɓa kwana a gidan sauro ba. Ranar da ka faɗa gaskiya ne. Yau ƙarya ce.

Washegarin tafiyarku na je rumfar gona na ciro ɗaya daga cikin na tumatir. Innarku ta wanke, ta ɗinke inda ɓera ya ci, har yanzu in ka matsa hanci yana ɗan warin taki. Na kafa ƙusoshi da hannuna na ɗaura. Tun ranar a ciki nake kwana. Kuma ban canja magana ba, kabari ne. Zafi, ga abu a saman fuska, in na juya ya kama mini yatsan ƙafa, in zan fita alwala sai na yi dambe da shi. Innarku na daga gadonta tana dariya ƙasa-ƙasa, ta zaci ba na ji. Ba ta iya riƙe magana ba, ta gaya wa matar Ɗan'azumi, yanzu duk inda ya gan ni sai ya ɗaga murya, "Jama'a ku zo ku ga babbar tarwaɗa, an kama ta a taru!" A masallaci ma sai da ya tambaye ni ko an fara dasa ni. Shekaruna sun kai inda suka kai, ina da furfura har a gira, na zama abin dariyar dakali saboda kai. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, ina tashi da safe ba ko ɗigon cizo a jikina. Wannan kada ka gaya wa kowa.

To ka ce abin da nake yi kake yi. Bismillah, ga abin da nake yi.

Wanda ka bari a igiya sabo ne, shi na aiko tare da takardar nan. An shanya shi a inuwa ya sha iska, saboda haka kada ka ce mini yana sa ƙaiƙayi. Na haɗo da ƙusoshi da igiya don kada ka ce ba ka samu ba. Akwai man kaɗanya daga Innarku, da dashen ɗoɗɗoya a cikin gwangwani, Zainabu ta dasa a bakin randa. A ɗaura shi yau, ba gobe ba. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare, in ya huje a ɗinke. In zafi ya yi yawa a cire mata riga a yi mata fifita, amma a ciki. In kuma ka ji jikinta ya yi ɗumi, kada ka tsaya dafa ganye, kada ka tsaya tambayar waya, ka ɗauke ta a je a duba jininta. Ni da ke gaya maka haka na fi ka son ganye.

Zan shigo kasuwar Bunkure in duba irin albasa, kuma ba zan gaya maka wace ranar kasuwar ba. Daga can zan biyo. Ba zan tsaya a zaure ba, Zainabu ta yi haƙuri, kai tsaye ɗaki zan leƙa. In na tarar da shi a ɗaure, da alamar ana kwana a ciki, zan zauna in sha shayinka, har in miƙa maka ƙafa ka shafa mini man naka, in ce a gaban matarka yana aiki. In kuwa na tarar da shi a ƙunshe a kan buhu, ko ka rufe renon barkono da shi, don jinina ne a jikinka, to zan sa Innarku ta goya Uwata mu dawo da ita gida. Ka kai ƙarata duk inda ka ga dama.

Iyalinka ka ɗauka ka tafi da su, na bar maka. Gandun ma na bar maka. Amma uwa ɗaya na taɓa rakawa makwancinta, Salisu, kuma ta ishe ni. Wannan ita nake so ta tsaya a bakin ƙofa da ƙafarta ranar da za a fita da ni.

Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya raya Uwata, Ya ba ta lafiya da nisan kwana. Allah Ya yi wa shinkafarka albarka, Ya kare ta daga tsuntsu da ambaliya. Allah Ya ba Zainabu haƙurin zama da kai, don na san abin da Innarku ta sha a hannuna. Allah Ya shirye ka, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Ka gaishe da maƙwabtanka, ka riƙe salla a kan lokaci.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Malam Ilu